Auren Kai da Kai a Lambun Ba-Asara

Laifin da zan ba da labarinsa ha'inci ne, amma ba irin na mai tauye awo ba, wanda kafin ka isa gida ka gane an cuce ka. Wannan ha'inci ne mai dogon barci, irin wanda ake dasawa a ƙasa, wanda aka cuta ya yi ta ba shi ruwa da hannunsa shekara da shekaru yana sa masa albarka. Mutanen da sun ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. To, ni na ga wadda ta yi 'ya'ya kwando guda, kuma mai ita aka sa ya fara ci.

Mutumin mai rainon itatuwa ne. Lambunsa yana can inda kwalta ta ƙare, da rijiya a tsakiya, da injin ban ruwa mai tari kamar tsohon mashayin taba, da rumfa a baya. Sauran filin layi-layi ne na baƙaƙen ledoji cike da ƙasa, kowace da ɗan dashe a ciki: lemo, gwaiba, kashu, amma mangwaro ne ke riƙe da gidan. Gado suka ci shi da yayarsa. Ita Auta take kiransa, domin daga shi mahaifiyarsu ba ta ƙara ba. Sauran jama'a kuwa Ba-Asara suke ce masa, saboda kalmar ba ta barin bakinsa. Leda ta yage, ya yanka ta ya yi maɗauri, ya ce ba asara. Dashe ya mutu, ya juye ƙasar a wata leda, ya ce ba asara. Abokansa har tsokanarsa suke, wai ko gashin da wanzami ya aske masa sai ya tattara ya kai wa lemo a matsayin taki. Tattali ba laifi ba ne, mahaifinsu ma mai tattali ne. Amma shingen da ke tsakanin tattali da son zuciya gajere ne, ɗan akuya ma tsallake shi yake.

Ga wanda bai san aikin ba: ƙwallon mangwaro, in ka shuka shi haka kawai, ba ya ɗauko halin uwarsa. Sai ya daɗe bai haihu ba, in ya haihu kuma ƙanana, masu tsami, cike da zare. Don haka ake yi masa aure. A bar ɗan ƙwallon ya kai kaurin yatsa, a datse kansa, a tsaga, a yanko ɗan reshe daga bishiyar kirki, a fiƙe shi a cusa a tsagar, a ɗaure tam da leda. Mahaifinsu yana kiran na ƙasan ango, reshen kuma amarya. In auren ya kama, wurin yakan warke ya bar tabo, kuma tabon nan shi ne shaidar da mai saye ke dubawa. Ɗan aure ɗaya kuɗin 'yan ƙwallo biyar ne.

Duk amaren lambun daga bishiya ɗaya suke fitowa, wadda 'yan gidan ke kira Tsohuwa. Mahaifinsu ne ya samo irinta, bai kuma taɓa faɗin daga ina ba. 'Ya'yanta manya ne, ƙwallon siriri kamar harshe, naman ba zare ko ɗaya. Saboda ita dillalai ke zuwa da motoci daga nesa.

Abin da ya dami Ba-Asara shi ne lissafi. Yakan zauna bakin rijiya ya yi wa yayarsa bayani, ko ta tambaya ko ba ta tambaya ba. Ƙasa saye ake, taki saye ake, leda ta hau, injin ba ya shan ruwa sai mai. Dashe ya zauna maka kusan shekara yana ci yana sha bai kawo komai ba. Sannan cikin aure uku, ɗaya sai ya mutu, amarya ta bushe a kan ango, aikin ya tafi a banza. Ga Tsohuwa kuma ba ta ba da reshe sai gwargwadon ƙarfinta, in ka matsa mata ta yi fushi. Masu saye sun fi dashen yawa, yana ji yana gani suke komawa da kuɗinsu. Yaya takan ce a haka mahaifinsu ya ciyar da su, bai mutu da yunwa ba. Shi kuma ya ce bai mutu da arziki ba.

Wata rana yana aiki a rumfa, ya datse kan wani ɗan ƙwallo, ya miƙa hannu ya ɗauki amarya, sai ya tarar sun ƙare. Ya dubi kan da ya datse yana kwance a ƙasa. Ya ɗauka, ya fiƙe shi, ya mayar masa a tsagar, ya ɗaure. Wato ya aurar da shi da kansa.

Abin ya kama kamar ba a taɓa yanka shi ba, jini ɗaya ne ai. Ya warke ya bar tabo, tabo na gaskiya, wanda ko mahaifinsu ya dawo duniya ba zai bambanta shi da na ɗan halak ba. Ba hawa bishiya, ba mutuwar ɗaya cikin uku, ba iyaka. A wannan shekarar lambun ya fitar da 'yan aure ninki huɗu, dillalai suka kwashe suka yi nisa da su. Don kada shi ma ya ruɗe, sai ya riƙa ɗaure na gaskiya da farar leda, na ƙarya da baƙa.

Yaya ba ta shiga rumfa. Tun da gwiwa ta hana ta hawa Tsohuwa, ta bar masa wuƙar mahaifinsu, ta koma ban ruwa da cire ciyawa da karɓar baƙi. Amma tana da ido. Ta tambaye shi ko Tsohuwa ta koma haihuwar zomo ne da tsufanta. Ya ce sabuwar dabara ya koyo, reshe ɗaya yana raba shi huɗu. Ta tambayi baƙar leda, ya ce farar ce ta yi tsada. Ta yarda, domin Auta ne, kuma duk duniya ta san shi da tsumulmula.

Daga nan idonsa ya koma kan Tsohuwa kanta. Inuwarta ta cinye kwata na lambun, wurin da ledoji dubu biyu za su zauna. Gara ta fara shigar gindinta. Mai gawayi kuma ya taya bishiyar, yana so ya saya. Sai ya tsara abinsa: ya zaɓi angwaye arba'in mafiya kauri, ya yi musu auren gaskiya da farar leda, ya jera su gefen rumfa. Daga cikinsu zai dasa sababbin iyaye a jikin shinge, yana aske su gajeru, ba sai an hau ba. Da ya ga sun kama sun fitar da jan ganye, ya kira mai injin yanka.

Yaya ta tafi gaishe da 'yarta da ta haihu. Da ta dawo, tun daga ƙofa ta ga rana a inda ba ta taɓa ganin rana ba. Ta tsaya da ƙunshinta a ka, ba ta sauke ba. Sai da ta daɗe sannan ta taka zuwa kututturen, ta ɗora tafin hannu a kai. Yana nan ɗanye.

"Auta, ka yanka mana uwa."

"Haba Yaya, itace ne fa. Dubi lambun nan daga farko har ƙarshe, duk 'ya'yanta ne. Kowace leda ita ce. Ba asara."

Ta yi kwanaki ba ta amsa masa ko gaisuwa.

Bayan haka injin ya tsaya cak, Ba-Asara ya tafi birni neman kayan gyara, ya ɗan jima. Yaya tana zagaye da bokiti sai ta ga maɗaurai sun fara cin jikin dashe. In aure ya kama aka bar ledar, shaƙe shi take. Ta ɗauki reza ta bi su ɗaya bayan ɗaya, fari da baƙi, ta kwance duka. Sannan ta yi abin da mahaifinsu ya koya mata tun tana yarinya: ta jera su bisa tsayi, dogaye a baya, gajeru a gaba, don kada babba ya tare wa ƙarami rana. Na gefen rumfa ma ta kwaso su ta raba cikin 'yan uwansu.

Ba-Asara ya dawo da kwalin kayan inji a hannu. Ya ga tarin ledojin ɗauri, farare da baƙaƙe, a cikin baro. Ya dubi gefen rumfa, wayam. Kwalin ya suɓuce masa. Ya tambayi Yaya ina masu farar leda. Ta nuna masa layuka da haɓa, dashe fiye da dubu, kowanne da tabonsa.

"Suna ciki. Me ya sha musu kai? Ba kai ka ce duk 'ya'yanta ne ba?"

Nan ne fa. Da ya buɗe baki a wannan rana, da an yi rigima an kuma tsira. Sai a riƙe dashen duka a dasa, a jira a ga wanda ya yi halin Tsohuwa. Amma riƙe dashe dubu asara ce, faɗin gaskiya kuma kunya. Sai ya ce haka ne. Ya shiga layuka yana murza ganye yana sunsunawa, yana gaya wa kansa ai hancinsa ya san Tsohuwa. Tun da angwaye masu kauri ya zaɓar musu, sai ya neme su a layin dogaye. Ya fitar da goma sha biyu mafiya kyan gani, ya dasa a jikin shinge.

A cikin makon wani tsohon direban babbar mota ya zo. Baya ya hana shi tuƙi, ya sayar da motar da ya yi rayuwa a cikinta ya sayi gona, yana so ya cika ta da irin Tsohuwa, ya zauna a inuwa ya ci, jikoki su gada. Ɗari uku yake so. Mutum ne da hanya ta koya wa rashin yarda, kowane dashe sai ya durƙusa da ciwon bayansa ya shafa tabon da babban yatsa. Ya yi ciniki har rana ta take, ya ce ko taya ya saya ana ba shi gyara. Ba-Asara ya waiwaya ya ga layin gaba, 'yan gajeru, kamar marasa lafiya, waɗanda ba mai ɗauka. Ya ce a zuba masa talatin daga can. Direba ya yi dariya ya ce ɗan nan, gyaranka ma da rowa a jikinsa. Da motar ta tashi, Ba-Asara ya ce wa Yaya an rage masu shan ruwa a banza.

Shekaru suka bi. Lambun ya bunƙasa, aka sayi sabon inji, aka ja tiyo har ƙarshen shinge. Iyaye goma sha biyu suka yi ƙarfi, yana aske su kullum yana ɗiban amare, ba ya barin su su yi fure, domin bishiyar da ke ba da reshe ba a bari ta gaji da haihuwa. Ya sayi gona ta kansa, ya dasa ɗari biyar. Waɗannan bai yi musu wasa ba: aure na sosai, da farar leda, daga iyayen shinge, ɗaya cikin uku na mutuwa yana sakewa. Ai mai dafa guba ba ya lasar ludayi. Direba ya taɓa zuwa yana ƙorafin yawancin bishiyoyinsa sai tsawo suke yi ba haihuwa. Aka ce masa taki ne ya yi yawa, ya rage ruwa, ya yi haƙuri.

Rana dubu ta ɓarawo. Ta mai kaya ta zo da farkon damina, lokacin da lambu ke cika da masu saye. Da hantsi, dillalai biyu na lodi, manoma na duba tabo, sai ga Direba da kwanduna biyu a bayan wata tsohuwar mota. Ya yi sallama, ya gaisa da kowa a natse. Ya sa aka sauke kwando na farko a gaban Ba-Asara, ya yaye buhun da ya rufe shi. Ƙananan mangwaro ne, kamar ƙwan kaza.

"Ɗana, ga amfanin gona na kawo maka. Mai dashe ya kamata ya fara ɗanɗanawa. Ci."

Ba-Asara ya ce bai daɗe da karyawa ba. Direba ya ce zai jira. Ya jawo bokiti ya kifa ya zauna. Masu lodi suka dakata. Da Ba-Asara ya ga ba mafita, ya ɗauki ɗaya ya gatsa. Tsami ya murɗe masa fuska, zare ya cika masa haƙora, ya rasa yadda zai tofar a gaban mutane. Direba ya ce shekara shida ke nan yana ɗaukar wa wannan ruwa da bayan da likita ya ce kada ya ɗaga ko buta.

Ba-Asara ya fara magana kan ƙasa, wai wata ƙasar takan juya iri. Direba bai kalle shi ba. Ya buɗe kwando na biyu ya miƙa wa Yaya ɗaya, babba, mai nauyi. Ta ari wuƙa ta yanka, wuƙar ta wuce ba abin da ya tare ta. Ta kai baki. Hannunta ya tsaya a sama, idonta ya kawo ruwa. Tun ranar da ta dafa kututture ba ta ƙara jin wannan ɗanɗano ba.

"Baba, wannan Tsohuwa ce. A ina ka samu?"

"Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, 'yar nan. Gyaran da ƙaninki ya zuba mini ne. 'Yan gajerun nan da ya ga ba su da amfani."

Yaya ta dubi mangwaron hannunta, ta dubi na kwandon farko, ta dubi layukan dashe da tabonsu. Ita ta san abin da ƙaninta ya manta saboda idonsa na kan tsawo: baƙuwar amarya sai ta yi zaman baƙunta kafin ta miƙe, don haka ɗan aure na gaskiya yakan yi jinkiri. Wanda bai yi jinkiri ba, to ba baƙuwa aka kai masa ba.

"Auta, masu baƙar ledar nan, me ka ɗaura musu?"

Ya sunkuyar da kai. Ta sake tambaya, ba ta ɗaga murya ba.

"Kansu," in ji shi.

Wani manomi da ke riƙe da dashe biyu ya sunkuya ya ajiye su a hankali, kamar wanda ya gane maciji ya ɗauko. Dillalai suka hau mota suka fara sauke abin da suka loda. Ba wanda ya zage shi. Da sun zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ba-Asara ya durƙusa gaban Direba. Ya ce abin yana da gyara. Za a datse bishiyoyin a sake musu aure, shi zai yi da hannunsa kyauta, ga iyaye goma sha biyu a shinge, 'ya'yan Tsohuwa na gaskiya, da kansa ya zaɓe su. Yaya ta tambaye shi a wane layi ya zaɓa. Ya ce a layin dogaye. Ta tambaya wa ya taɓa cin ɗan ko ɗaya daga cikinsu.

Ta fita ta zagaya bayan shinge, inda kwata ke bi, wurin da ba ya zuwa saboda ba a samun komai a can. Wani reshe na ɗaya daga cikin iyayen ya tsallake shinge ya ɓoye wa almakashinsa, ya yi 'ya'ya uku. Ta tsinko ɗaya ta dawo. Ta karɓi wuƙar mahaifinsu daga aljihunsa, ta sa. Wuƙar ta shiga kaɗan ta maƙale a cikin zare. Ta ɗaga masa ya gani, da wuƙar a jiki.

Ya zauna a ƙasa, cikin laka. Bakinsa a buɗe, zaren na farko har yanzu a haƙoransa. Can ya ce, kamar mai magana da kansa, gonata ma daga nan na ɗiba.

An bar sauran goma sha ɗayan suka haihu a shekara ta gaba. Ko ɗaya bai yi halin Tsohuwa ba. Ya bi sawun waɗanda mahaifinsu ya sayar a da: na nesa ba wanda ya san inda dillalai suka kai su, na kusa kuwa gari ya cinye gonakin, an sare an yi gini. Irin Tsohuwa bai rage a ko'ina da aka sani ba sai a gonar Direba, ashirin da bakwai cikin gyara, da 'yan ƙalilan cikin sauran. Ya je ya roƙi reshe ɗaya, ya ce zai saya ko nawa ne. Direba ya ce bai taɓa ɗaukar fasinjan da ya yanka masa birki sau biyu ba. Amma ya ce Yaya ta zo, ƙofa a buɗe take. Ta raba gado, ta ɗauki rabin lambun da wuƙar. Bishiyoyin Direba ba su kai tsayin da gwiwa za ta hana ta ba. Ita ta datse masa marasa kirkin ta sake musu aure, manyan unguwa kuma suka yanke cewa duk abin da aikin ya ci, da ladan jiran da tsohon zai sake yi, a wuyan Ba-Asara yake.

Garin neman gira ya rasa ido. Ga abin da ya rasa, kowa ya ƙirga da yatsunsa. Tsohuwa, wadda ta tafi a buhunan gawayi. 'Ya'yanta arba'in, da ya bayar da mafi yawansu kyauta yana dariya. Iyaye goma sha biyu da ya yi shekaru yana shayarwa, suka ƙare a murhu. Gonarsa mai bishiya ɗari biyar, da aka sayar a farashin fili don a biya Direba da sauran waɗanda suka biyo baya da kwandunansu. Dashe dubu uku da ke cikin leda ranar, waɗanda ko a kuɗin 'yan ƙwallo ba wanda ya taya, har saiwa ta fasa ledojin ta shiga ƙasa. Sabon inji. Rabin lambu. Wuƙar mahaifinsa. Da yaya guda ɗaya, wadda har yau tana amsa gaisuwarsa ta saman shinge, amma ba ta ƙara ce masa Auta ba.